Zan tafi Antatika a Disamba: me zan zuba a jaka, me zan bari a Kano?

Nura Mai Hoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe da kamara. Shawara na zo nema, don Allah wanda ya san wani abu ya faɗa. Maigidana, wanda nake ɗaukar masa hotunan sha'aninsa shekara da shekaru, zai tafi yawon buɗe ido Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, shi da uwargidansa a tsakiyar Disamba, kuma ya ce da ni za a yi tafiyar. Za mu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can Buenos Aires ta Ajantina, sai jirgin cikin gida zuwa Ushuwaya, can ƙarshen ƙasar, inda za mu shiga jirgin ruwa. Kwana goma za mu yi a kan ruwa. Biza ta fito, tikiti yana hannu. Abin da ya hana ni barci yanzu jaka ce. Iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturu, wanda ake hura wuta a bakin titi da asuba. Kamfanin jirgin ruwan sun turo takardar kayan da za a riƙe, amma rabinsu ban gane dalilinsu ba. Ga shi tikitin jirgin Ushuwaya kilo 15 kawai ya ba ni a babbar jaka, 8 a ta hannu. Kayan aikina kuwa: kamara biyu, ido uku, wato gilashin da ake ɗaura wa kamara a gaba (24-105, 70-200 da 50), filasha biyu, da abin kafa kamara mai ƙafa uku. Me zan ɗauka, me zan bari?

Kawu Bala Fagge:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Nura, ka ji shawarar babba. Ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ka nemi jibgegiyar rigar sanyi, irin mai gashi a wuya, wadda ta sauko har gwiwa. A ciki ka sa singileti biyu, ka ɗora shadda mai kauri, ka ɗora suwaita. Na ji an ce sanyin wurin ya taɓa kaiwa kusan maki 90 ƙasa da sifili. Wannan ba wurin wasa ba ne.

Abba na Norwe:
Kawu ina wuni. Adadin da ka ji gaskiya ne, maki 89.2 ƙasa da sifili, a tashar binciken Rasha da ake kira Vostok, a Yulin 1983. Amma can tsakiyar nahiyar ne, a kan tudu, kuma a tsakiyar lokacin sanyinsu. Su Yaya Nura bakin gaɓa za su je, wannan zirin ƙasar da ya miƙo yana kallon Kudancin Amurka, kuma Disamba bazararsu ce. Yawanci ma'aunin yana yawo ne kusa da sifili, wata rana ya ɗan sauka ƙasa, wata rana ya hau zuwa 4 ko 5. Nan Tromso da nake karatu muna ganin abin da ya fi haka duk shekara.

Amma Kawu, ka yi mini afuwa, singileti da shaddar nan su ne abin da zan roƙe shi ya bari. Duka auduga ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ba ta saki. A Kano wannan alheri ne, shi ya sa shadda take daɗin sawa a watan Afrilu. A can kuwa masifa ce. Kun san yadda ake naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu a ajiye ta a iska don ruwa ya yi sanyi? To, mutumin da ya hau tudun ƙanƙara ya yi gumi a cikin singiletin auduga, sannan ya tsaya cak yana ɗaukar hoto iska tana dukansa, shi ne jarkar. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Shekarata ta farko a nan na sha wannan wahalar, ina sanye da kaya masu nauyi amma haƙorana suna haɗuwa.

Kawu Bala Fagge:
To ɗana, in ba auduga ba sai me? Leda zai sa?

Abba na Norwe:
Hawa uku ake yi, Kawu. Na jikin fata: doguwar riga da dogon wando masu kama jiki, na ulun tumakin merino ko na foliyesta, irin yadin rigar 'yan ƙwallo. Su suna tura gumi waje. Na tsakiya: suwaitar ulu ko mai laushin nan ta roba da ake kira filis, ita ke tsare ɗumi. Na waje: riga da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. Amfanin abin shi ne in zafi ya dame ka sai ka cire ɗaya ko ka zuge zif, in sanyi ya dawo ka mayar. Jibgegiyar riga guda ɗaya ba ta ba ka wannan damar, ko ka dahu a cikinta ko ka cire ka daskare.

Dakta Maman Walid:
Sannunku. Malam Nura, na yi wannan tafiyar shekara biyu da suka wuce, ta Ushuwayan, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Abin da Abba ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa sanyi bai taɓa damuna ba kamar jiƙa.

Babu tashar jirgi a inda ake sauka. Babban jirgi yana tsayawa nesa, a zuba ku wajen mutum goma a kwalekwalen roba mai inji da suke kira Zodiac, ku zauna a gefensa, ya tsaga ruwa da ku. In akwai iska, ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara zai riƙa watso muku, kuma inda kuke zaune ɗin ma a jiƙe yake. In an isa gaɓa, cikin ruwa za ka fara saka ƙafa, wani lokaci har ƙauri. Sau biyu a rana ake wannan in yanayi ya bari. Shi ya sa wandon ruwa shi ne sarkin kayanka gaba ɗaya. A jirginmu ba sa barin wanda ba shi da shi ya shiga kwalekwalen.

Ka sake duba takardar da suka turo maka. Yawancin kamfanonin suna ba da babbar rigar waje kyauta, kuma suna ara maka dogon takalmin ruwa. In naku haka ne, to kilo uku ko huɗu sun fita daga wuyanka tun yanzu, kuma rigar da Kawu ya ce ka saya ba ka buƙatarta.

Nura Mai Hoto:
Allah ya saka da alheri Hajiya Dakta. Na duba yanzu, haka ne, riga da takalmi suna kansu, har sun nemi a turo lamba. To sauran fa, gwanjo zai yi ko sai sabo? Don na leƙa farashin na merinon nan a intanet, da na juya shi zuwa naira sai na rufe wayar.

Sadiku Ɗan Nguru:
Gwanjo zai yi mana. Rabin abin da ke Wambai daga ƙasashen sanyin ya fito. Ka dai riƙa juya rigar kana karanta ɗan ƙyallen da ke ciki, in ka ga an rubuta auduga ce ka ajiye. Ni filis ɗin da nake kwana da shi a bakin fadama lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka, a can na saye shi, shekara biyar ke nan.

Dakta Maman Walid:
Na yarda da kai a kan suwaita, filis, hula da mayafin wuya. Ban yarda ba a kan wandon ruwa. Abin da ke hana ruwa shiga wani shafe ne a cikin yadin da liƙi a kan ɗinkin, kuma suna mutuwa da tsufa. Da ido za ka gan shi garau, sai ka zauna a jiƙaƙƙen wuri ka gane. Araha ba ta ado a nan.

Sadiku Ɗan Nguru:
Hajiya ai ana iya gwadawa. Ya saya, ya sa, ya shiga banɗaki a kwara masa bokiti biyu, ya zauna a cikin baho minti goma. In ya fito a bushe shi ke nan. Bai kamata mu sa bawan Allah ya kashe kuɗin ido guda a kan wandon da zai sa kwana biyar ba.

Dakta Maman Walid:
Wannan gwajin na yarda da shi. In kuma ya faɗi, kada hankalinsa ya tashi, akwai shaguna a Ushuwaya da sana'arsu ke nan, bayar da hayar wandon ruwa da safar hannu ga masu shiga jirgi. Ka dai tabbata kun isa garin aƙalla kwana ɗaya kafin tashin jirgin ruwan. Ko jakarku ta makara a hanya kuna da lokacin jira, don jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Saboda haka ma ni na zuba hawa na farko, safa da magunguna a jakar hannu.

Amma tunda an kawo maganar gwanjo, akwai abin da ya fi damuna. Kafin a bar ku ku taka ƙasa, za a tara ku da duk kayan da za ku sauka da su, a bi su da injin zuƙe ƙura: aljihu, lanƙwasar wando, cikin jaka, musamman maƙalin nan mai ƙarar ƙyat, Velcro. Ƙwayar iri ɗaya ba sa son ta shiga. Yarjejeniyar Antatika ta 1959 da ƙarin da aka yi mata a Madrid a 1991 sun mayar da wurin yankin da ake karewa, kuma ƙungiyar kamfanonin da ke kai mutane, IAATO, tana da tsauri a kan wannan. Duk sauka da duk dawowa sai an wanke takalmi da buroshi an taka ruwan magani. Malam Nura, jakar kamararka ta je gona, ta je hawan Sallah, ta je ƙauye biki. Na tabbata akwai ƙarangiya a jikinta. Ka zauna da allura da buroshin haƙori tun a gida.

Mustafa Sabon Gari:
Oga Nura, duk wannan maganar kaya ce. Mu dawo kan aiki. Ka ari duron ɗina ka tafi da shi, hoton tsaunin ƙanƙara daga sama ai shi zai sayar da kai har ƙarshen rayuwa.

Dakta Maman Walid:
Kada ya wahalar da kansa. Kamfanonin da ke cikin IAATO ba sa barin fasinja ya tashi jirgi maras matuƙi a gaɓar da dabbobi suke. Zai kai shi ya dawo da shi a jaka.

Mustafa Sabon Gari:
Kai, an yi asara. To shi ke nan. Amma 70-200 ɗin nan ya yi gajere. Ka nemi 100-400.

Sadiku Ɗan Nguru:
A nan ina bayan Mustafa. Duk wanda ya taɓa bin tsuntsu ya san 200 ba ya kai ka ko'ina. Kwana biyu za ku yi kuna tsallaka mashigin Drake, ruwan da ke tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da tsibiran farko na Antatika, wajen kilomita 800. A nan ne manyan tsuntsayen teku, albatros, suke bin jirgi. Irin da ake kira mai yawo a cikinsu, faɗin fikafikansa ya haura mita uku. Ni da zan samu wannan damar, da dogon ido zan kwana a bayan jirgin. Ga kuma kifin wel, wanda ba zai zo ya tsaya maka a gaba ba.

Nura Mai Hoto:
Na ji, amma ku tuna aikina na farko shi ne Alhaji da Hajiya. Ba don tsuntsu aka biya mini kujera ba. In na cika jaka da ƙarfe na rasa hotonsu a tsaye gaban ƙanƙara, na ci amanar tafiyar.

Dakta Maman Walid:
Gaskiyarka. Kuma tsuntsayen fengwin ba sa buƙatar dogon ido. Doka ta ce ka bar mita biyar tsakaninka da su, amma su ba su san dokar ba, in ka tsaya shiru sai su zo su wuce ta gabanka. Iri uku za ka fi gani: jentu mai jan baki, mai zare a haɓa, da adeli. A tsakiyar Disamba suna kwance a kan ƙwai, zuwa ƙarshen watan ake fara ƙyanƙyasa. Ni da waya na ɗauki wasu da har yau suna bangon falona.

Baffa Sani Tsohon Hannu:
Na daɗe ina karanta ku. Nura, yarona, ga yadda zan yi in ni ne. Kamara ɗaya da 24-105, ɗaya da 70-200, a ɗaura su tun a ɗaki, kada a kwance har a dawo. Canza ido a cikin kwalekwale ruwan gishiri yana feshi daidai yake da canza shi a tsakiyar hawan Daushe dawakai suna tayar da ƙura, sai dai ƙura ana hure ta, gishiri kuwa ci yake yi. In kana son tsawo, ka ari ƙaramin gilashin nan na 1.4 da ake sawa tsakanin ido da kamara, zai kai maka 200 zuwa 280. Yana rage haske mataki ɗaya, amma haske ba shi ne matsalarka a can ba. Nauyinsa bai kai na kofin shayi cike ba. Idon 50 ya zauna a gida.

Ƙafa uku ma ta zauna. Jirgi yana rawa, injinsa yana karkarwa, duk abin da ka kafa a kansa karkarwar zai ɗauka. Hannunka ya fi ta. Ka ɗaga gudun ɗauka zuwa 1/1000 na daƙiƙa ko sama in kana kan ruwa.

Sai abu ɗaya da na san ka sani amma zan tuna maka. Ka tuna ango cikin farar shadda da tsakar rana, yadda kamara ke mayar da ita ruwan toka in ka bar ta da ra'ayinta? Ita kamara duk abin da ta gani so take ta mayar da shi tsaka-tsaki. To can duniyar gaba ɗaya farar shadda ce. Ka ƙara haske mataki ɗaya, wani lokaci har da rabi, kana duba jadawalin haske kada farin ya ƙone. Ga fuskar Alhaji baƙa a gaban farin, wannan shi ne ainihin jarrabawar. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta matse ba, ka samu abin gyarawa in ka dawo.

Nura Mai Hoto:
Baffa Allah ya ƙara girma. Filasha fa? Don fuskar da ka ambata ita nake tunani.

Baffa Sani Tsohon Hannu:
Ɗaya, ƙarama, saboda cin abincin dare a cikin jirgi. A waje ƙanƙarar da ke ƙasa ita ce faifan haskenka, tana mayar da haske fuska da kanta. Ka juya su su fuskanci inda hasken yake kawai.

Dakta Maman Walid:
Kuma ba a haska wa dabbobi filasha. Wani abin da ya shafi aikinka kai tsaye: saboda murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar ta isa tsibirin South Georgia a Oktoban 2023, ta kuma kai nahiyar kanta a Fabrairun 2024, an hana zama, durƙuso, kwanciya, ko ajiye jaka a ƙasa a wuraren dabbobi. Mu da muka ga abin da cutar nan ta yi wa gonakin kaji a Kaduna da Kano a 2006 ba ma buƙatar dogon bayani. Ma'ana, jakarka tana bayanka daga sauka har dawowa, kuma hoton nan da kuke kwanciya rubda ciki ku ɗauka babu shi. In kamararka tana da allo mai juyawa, ka sunkuya ka sauke ta da hannu.

Abba na Norwe:
Yaya Nura, batir. Sanyi yana sa shi ya nuna ya mutu alhali da sauran caji, in ya ji ɗumi sai ya farfaɗo. Ka riƙe uku ko huɗu ga kowace kamara, ka sa su a aljihun ciki kusa da ƙirji, kana musanyawa. Kuma dukkansu a jakar hannu za su hau jirgin sama, an hana sa batirin da ba ya cikin na'ura a babbar jaka. Iyakar da aka saba bari ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh kowane ɗaya. Na kamara bai kai 20 ba, fawa banki mai 20,000 kuma wajen 74 ne, duk suna ƙasa da iyakar. Ka liƙe bakinsu da salatif.

Abin da ya fi kashe kamara a nan wajenmu kuwa ba fita cikin sanyi ba ne, shigowa ne. Ka ga yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firji? Haka kamara mai sanyi take yi in ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, kuma ba a waje kaɗai ba, har cikin gilashin. Tun kana waje ka zare memori, ka sa kamarar a leda mai zif ko cikin jakarta ka rufe ruf, ka shigo, ka ƙyale ta awa ɗaya ko biyu. Gumin sai ya tsaya a jikin ledar.

Sadiku Ɗan Nguru:
Mu ma muna ganin irinsa da damina, in ka fito da kamara daga mota mai sanyin AC. Ka haɗa da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Sannan jakar da ruwa ba ya shiga, wadda ake naɗe bakinta, saboda kwalekwale. Memori kuma ka ninka abin da kake zato, ka riƙa kwafewa a wuri biyu kullum dare. Kada ka dogara da intanet ɗin jirgi.

Hajiya Ummi Gwale:
Ni tambayata a kan uwargidan Alhaji ce. Dakta, yaya kika yi da hijabi da doguwar riga a wannan kwalekwalen?

Dakta Maman Walid:
Yauwa Hajiya, na so a tambaya. Dogon hijabi har ƙasa ba ya yiwuwa a can, kuma hatsari ne: iska tana cika shi, ana ɗaura rigar ceto a kan kaya, kuma matuƙa suna kama hannunka ne su tsallakar da kai, ba a son abin da zai harɗe ƙafa. Ni ƙaramin hijabi mai kama fuska na sa, na foliyesta, na cusa shi cikin wuyan riga, na ɗora hular ulu, na ɗora hular babbar rigar. Rigar na nemi lamba ɗaya sama da tawa, ta sauko mini har cinya, wandon ruwan kuma mai faɗi ne. Wallahi a can kowa a rufe yake, ido kawai ake gani. A cikin jirgi kuma akwai ɗumi, abaya da atamfa duk na sa abina. Malam Nura, kai ma ka riƙe kaftani biyu marasa nauyi, don Buenos Aires a Disamba zafi ake yi sosai.

Ku sa tabarau masu tare hasken rana na gaske a lissafi, ku ukun. Ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, rufin ozon kuma ya yi siriri a saman yankin, ido yana iya ƙonewa mutum ya kwana biyu yana hawaye. Man kare fata mai lamba 50, har ƙarƙashin hanci da haɓa. Kada wani ya ce mu baƙaƙe ne, ni hancina sai da ya saɓule. Basilin da man kaɗanya suna maganin tsagewar leɓe, amma ba sa tare rana.

Malam Habibu Ƙoƙi:
Allah ya sa a je a sa'a. Ban ji an taɓo sallah ba, alhali ita ma tana da kayanta. Na ji an ce rana ba ta faɗuwa a can.

Dakta Maman Walid:
Allah ya gafarta Malam, a inda muka tsaya tana faɗuwa na 'yan sa'o'i, don ba mu tsallaka da'irar da rana ke kwana a sama ba. Amma duhu bai taɓa yi ba, jan shafaƙi yana nan har ta sake fitowa.

Malam Habibu Ƙoƙi:
To, azahar, la'asar da magariba alamominsu suna nan ke nan. Isha da asuba ne suke buƙatar ƙaddarawa. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yinin da yake kamar shekara, ya yi umarni a ƙaddara masa lokacinsa. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da alamomi suke bayyana, wasu sun ce a bi Makka. Nura, ku zauna da malaminku kafin ku tashi, ku tsayar da ɗaya, ku rubuta jadawalin a takarda. Ku matafiya ne, kuna da ƙasaru. Ka kuma sayi huffi na fata a Kurmi. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata kafin a yi shafa a kai, kuma a sa shi bayan cikakkiyar alwala.

Dakta Maman Walid:
Huffin zai yi amfani a filayen jirgin sama, Malam. A jirgin ruwan kuwa akwai ruwan zafi a kowane ɗaki, alwala ba ta yi mini wuya ba. A ƙasa ne ba za a iya sallah ba, tunda an hana durƙuso, amma saukar ba ta wuce awa biyu zuwa uku. Babu banɗaki ma a can, wanda ya matsu mayar da shi jirgi ake yi, don haka a rage shayi kafin fita. Alƙibla daga wannan gaɓar kusan gabas ce sak. Sai dai jirgi yana juyawa, kamfas ɗin waya kuma yana rikicewa a cikin ƙarfe, ni ma'aikatan nake tambaya ina jirgin ya fuskanta. Kada ka auna da rana yadda ka saba, a can ta arewa take bi da tsakar rana.

Maganin jiri kuma, ku ga likita tun a Kano. Drake in ya tashi, gado ma sai ka riƙe shi. Akwai ƙwaya, akwai wanda ake liƙawa a bayan kunne. Na liƙawar yana busar da baki, yana kuma sa wasu ganin kusa ya dushe, ka ga mai duba allon kamara ya kamata ya san haka. Bai dace da kowa ba, musamman mai hawan jinin ido ko dattijo mai matsalar fitsari, don haka Alhaji ya faɗa wa likitansa komai. Ana fara sha ne kafin jirgi ya fita teku, ba bayan amai ya fara ba. Citta ma tana taimaka wa wasu.

Kawu Bala Fagge:
To na sallama maganar shadda. Amma ka tafi da kilishi da dambun nama, kada abincinsu ya gagare ku.

Abba na Norwe:
Kawu, Ajantina ba sa barin a shigo musu da nama a jaka, a filin jirgi za a karɓe. Kuma ko biskit ba a sauka da shi ƙasa a Antatika. Gara su rubuta wa kamfanin tun yanzu cewa ba sa cin alade da abin da aka dafa da giya, kifi da kayan lambu ba sa yankewa a irin jiragen nan.

Nura Mai Hoto:
Salam. Kwana tara ke nan, na dawo da rahoto, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi yini biyu a Wambai. Na samu filis biyu, suwaitar ulu ɗaya, hula, mayafin wuya, da safar ulu ƙafa huɗu. Na jikin fata na samu na foliyesta kala biyu, zan riƙa wanke ɗaya ina sa ɗaya. Wandon ruwa na saya na yi gwajin Sadiku, minti shida ruwa ya shigo ta ɗinkin baya. Hajiya Dakta ta yi gaskiya. Na rubuta wa wani shago a Ushuwaya, sun ajiye mana uku.

Sannan wani abokin Alhaji mai sayar da kifi ya bar ni na shiga ɗakin sanyinsa, maki 18 ƙasa da sifili, da kayan a jikina da kamara a hannu. Minti ashirin na yi. Jikina lafiya lau, ban yi zaton kaya marasa nauyi haka za su riƙe ni ba. Yatsuna ne suka gaza. Da babbar safar hannu ba na jin maɓalli, da na cire kuma ƙarfen kamarar kamar ya cije ni. Batir ya sauka a idona, na sa shi a aljihu ya dawo. Da zan fito na sa kamarar a leda kamar yadda Abba ya ce, ledar ta jiƙe sharkaf a waje, kamarar a bushe.

Jaka kuma, Hajiya, ƙarangiya bakwai na cire, da ƙwayar gero, da gashin doki. Babbar jaka yanzu kilo 12 da rabi. Ta hannu ce ta kai 9, zan rataya kamara ɗaya a wuya in zuba batura a aljihu. Saura matsalar yatsu.

Abba na Norwe:
Safar hannu ma hawa biyu ake yi. Siririya a ciki, wadda za ka iya danna komai da ita, ba ka cire ta sam. A kanta babba wadda ruwa ba ya shiga, ka ɗaura mata igiya a wuyan hannu, in ka zare ta ta rataya, kada iska ta ɗauke ta zuwa cikin tsuntsaye. Siririyar ka riƙe biyu, don ɗaya za ta jiƙe.

Dakta Maman Walid:
Lambar takalmin da za ka tura musu, ka auna da safa biyu a ƙafarka, siririya da mai kauri. In ya matse, jini ba ya zagayawa, ƙafa ta fi saurin yin sanyi. Ka gaya wa Hajiya ita ma. In kuma aka ce gobe da sassafe za a ratsa mashigin Lemaire, ka kwana da baturanka a cike. Siririn ruwa ne tsakanin duwatsu masu ƙanƙara, saboda yawan hoton da ake ɗauka a wurin har laƙabi aka yi masa da sunan Kodak, kamfanin kayan hoto. Ka fito da su Alhaji gaban jirgi tun kafin mutane su cika shi.

Nura Mai Hoto:
Na rubuta. 43 nake sawa, zan tura 44. Baffa, gobe bayan la'asar zan biyo shago in karɓi gilashin 1.4 ɗin, in gwada shi a kan shirwa a Dala kafin ranar.

Baffa Sani Tsohon Hannu:
Yana nan. Ka taho da kamarorin duka biyu mu goge sansa, faifan cikin kamara da ke kama hoto, hunturu ya fara shigowa.